Titanic muke wa kuka, Joola muke hawa

Ka tare kowane saurayi a Agege, ko cikin masu tura baro a Jankara, ka ce ya ba ka labarin jirgin ruwan da ya nutse da mutane. Kafin ka rufe baki zai ce Titanic. Zai kawo maka Jack da Rose, ya kwatanta maka yadda jirgin ya karye gida biyu, har ya ja da kai cewa katakon nan ya isa ya ɗauki mutum biyu, yarinyar ce kawai ta yi rowa. To, ka ce masa Joola fa? Sai ya tsaya yana kallonka. Wataƙila ma ya tambaye ka ko 'yar fim ce.

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Titanic ya nutse a 1912, can arewacin duniya, tun kakanninmu suna yara, ya tafi da mutum kimanin 1,500. Joola ya kife a 2002, muna raye, muna da rediyo, wasunmu ma sun fara riƙe wayar hannu, a cikin wannan tekun na Atlantika da ruwansa ke shigo mana Legas kullum. Ya tafi da mutum 1,863 a lissafin gwamnati, iyalan mamatan kuwa sun ce adadin ya fi haka. Baƙaƙen fata irinmu, maƙwabtanmu, da yawansu Musulmi masu kallon gabas ɗaya da mu. Amma ba mu san su ba. Turawa sun yi wa nasu fim a 1997, ya kwashe kyautar Oska 11, muka yi hayar kaset muka sha kuka, har 'yan fim ɗinmu suka yi nasu Titanic ɗin da Hausa. Namu kuwa ko fatiha ba mu yi musu ba.

Ba cewa nake mutanen Titanic ba su cancanci tausayi ba. Rai rai ne. Kuma a can ɗin ma talakawan da aka cusa a ƙasan jirgi su suka fi mutuwa, wato ko wurin nutsewa akwai ɗan mowa akwai ɗan bora. Amma dubi abin da ya biyo baya. Jirgin ya nutse kafin asubahin 15 ga Afrilu. Ran 19 ga wata Majalisar Dattawan Amurka ta fara zaman bincike, ta zaunar da shugaban kamfanin, Bruce Ismay, tana yi masa tambayoyi tun bai gama wartsakewa ba. Ingila ma ta yi nata ƙarƙashin Lord Mersey. Aka tono abin kunya: mutum fiye da 2,200 a jirgi, ƙananan jiragen ceto 20 kacal, waɗanda ko an cika su maƙil ba za su ɗauki fiye da 1,178 ba. Kuma kamfanin bai karya doka ba, dokar ce ta tsufa. Sai suka canza dokar. A 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa ya ce ga Najeriya nan, ƙasashe suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS. Kowane rai a jirgi da gurbinsa a jirgin ceto. Rediyon jirgi ba ya barci, dare da rana. Aka kafa masu sintirin tsaunukan ƙanƙara, waɗanda har gobe suna kan aikinsu. Dokar nan sa'ar Najeriya ce, shekararsu ɗaya. Ka duba inda ta kai jiragen duniya, ka dawo ka duba kwalekwalen da kake hawa.

Yanzu bari in ba ka labarin Joola, tunda babu wanda ya ga damar ba mu.

Jirgin gwamnatin Senegal ne, ƙirar Jamus, ya fara aiki a 1990, kuma sojojin ruwa ke tafiyar da shi. Yana jigila tsakanin Ziguinchor, babban garin yankin Casamance a kudu, da Dakar. In ka duba taswira za ka ga Gambiya ta kutsa cikin Senegal ta raba kudu da arewa. A wancan lokacin, mutumin kudu in zai je babban birnin ƙasarsa ta mota, sai ya ratsa ƙasar wasu, ya yi layin fito a kogin Gambiya, ga rikicin 'yan tawayen Casamance, ga tare hanya, ga nakiyoyi. Saboda haka jirgin nan shi ne hanyar talaka. Mata 'yan kasuwa da manja da busasshen kifi da 'ya'yan itace, sojoji masu hutu, ɗalibai. Kuma ƙarshen Satumba ne, hutu ya ƙare, yaran Casamance suna komawa makarantu da jami'a a Dakar. Jirgin ma ya yi kusan shekara a kwance ana gyara, bai daɗe da dawowa aiki ba, kowa ya matsu.

An ƙera shi ya ɗauki mutum 580, har da ma'aikata. Ranar Alhamis, 26 ga Satumba, 2002, aka zuba masa kusan 2,000. Sake karantawa, ban yi kuskuren rubutu ba. Ya tashi daga Ziguinchor da rana, ya tsaya a tsibirin Carabane, kwalekwale suka kawo masa ƙarin mutane da ƙarin kaya. Ƙananan yara ba sa yankar tikiti, don haka babu su a takarda. Ga 'yan alfarma, wanda ya san wani, wanda wani ya sani. Duk mun san yadda ake yi, kada wani ya yi mini kamar bai gane ba.

Wajen ƙarfe 11 na dare, daura da gaɓar Gambiya, hadari ya taso da iska. Jama'ar da ke zube a saman jirgi suka rugo gefe guda suna neman mafaka daga ruwan sama. Jirgi ya karkata. Cikin 'yan mintoci ya kife.

Ga inda zuciyata ke tafasa. Bai nutse nan take ba. Ya kwana a kife bisa ruwa, ya kai har bayan azahar ɗin Juma'a, da mutane masu rai a cikinsa suna ihu suna bubbuga ƙarfe. Waɗanda Allah ya ba ikon hawa bayansa suna jin bugun a ƙarƙashinsu. Wa ya fara isa wurin? Masunta, da kwalekwalensu na kamun kifi. Hukuma mai jiragen yaƙi da jiragen sama, wadda sojojinta ke tuƙa jirgin, ba ta iso ba sai da gari ya waye rana ta ɗaga. Mutum 64 suka tsira. A cikinsu mace ɗaya tak, a jirgin da ke cike da mata da goyo.

Wata huɗu kafin wannan, ran 31 ga Mayu, Senegal ta doke Faransa da ci ɗaya mai ban haushi a wasan buɗe Kofin Duniya. Mun yi tsalle a gidajen kallo kamar ƙasarmu ce ta ci. Har yau ka tambayi dattijon da ke son ƙwallo, zai gaya maka Papa Bouba Diop ne ya ci. Kyaftin ɗin wannan tawaga, Aliou Cissé, wanda daga baya ya zama koci ya ɗauko musu Kofin Afirka a 2022, ya rasa 'yan'uwa 11 a cikin Joola. Mun san gashin kansa, mun san gilashinsa, wannan kuwa ba mu sani ba.

To me ya biyo baya? Ministan sufuri da ministan sojoji suka yi murabus. A watan Nuwamba Shugaba Abdoulaye Wade ya sallami Firayim Minista Mame Madior Boye da majalisarta. Sai ka ce madalla, yau dai za a ga adalci a Afirka. Ina! A 2003 mai gabatar da ƙara ya rufe fayil, ya ce laifin mutum ɗaya ne, kyaftin ɗin jirgin, Issa Diarra. Ina Issa Diarra? Yana cikin ruwa tare da fasinjojinsa. An bar jaki ana dukan taiki. Matacce dai ba ya ɗaukar lauya, ba ya kiran 'yan jarida, ba ya cewa wane ne ya ba ni umarni. Wanda ya bar jirgin ya koma aiki, wanda ya sayar da tikitin da ya wuce ƙima, wanda ya tsaya a bakin tasha yana ganin ana ɗura mutane, wanda aka sanar cikin dare bai motsa ba, duk suka koma gida suka ci abincinsu. Babu ko mutum ɗaya da ya tsaya gaban alƙali a Senegal.

Da yake akwai Faransawa cikin mamatan, iyalansu suka kai ƙara a ƙasarsu. A 2008 wani alƙalin Faransa ya ba da sammacin kama manyan jami'an Senegal tara, har da tsohuwar Firayim Minista. Nan fa gwamnati ta tuna tana da zuciya, ta fusata, wai an taɓa mutuncin ƙasa. Mutuncin ƙasa! Mutum 1,863 a ruwa mutuncin bai taɓu ba, sai da aka ambaci sunan manya. Aka yi ta ja har 2018, kotun ƙolin Faransa ta ce jami'an wata ƙasa suna da kariya, shari'a ta mutu. Aka yi wa iyalai tayin diyyar sefa miliyan 10 kan kowane rai, aka kawo sabon jirgi, Aline Sitoé Diatta, a 2008, gidan tunawa da mamatan kuwa sai a 2024 aka buɗe shi a Ziguinchor. Shi kuwa Joola yana nan kwance a ƙasan teku da mafi yawan gawarwakin, kowace shekara iyalai suna roƙon a ɗago shi su binne nasu, kowace gwamnati tana cewa to.

Kada wani ya ce mini abin ba ya yiwuwa. A 2014 jirgin Sewol ya kife a Koriya ta Kudu ya ci mutum 304, yawancinsu 'yan sakandare. Aka yanke wa kyaftin ɗaurin rai da rai, aka ɗaure wasu ma'aikata da shugabannin kamfani, a 2017 aka ɗago jirgin ɗungurungum daga ƙasan teku domin iyaye su samu ƙasusuwan 'ya'yansu. Ba aljanu suka yi aikin ba.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Senegal ko ba komai ministoci sun sauka. Mu fa? Mu Joola ɗinmu ba a dare ɗaya yake kifewa ba, a gutsuttsure yake zuwa, wannan wata hamsin, wancan wata ɗari, shi ya sa ba ma firgita. A watan Mayun 2021 jirgi ya tarwatse tsakanin jihar Neja da Warra ta ƙasar Ngaski a Kebbi, da mutum fiye da 150, ƙalilan suka fita da rai. Ƙarshen Nuwamban shekarar, a dam ɗin Watari, kwalekwale daga Badau zuwa Bagwai ya kife da 'yan Islamiyya za su Maulidi, aƙalla 29 suka mutu, yara da allunansu da sababbin kayansu, a ruwan da ya taɓa cin 'yan kai amarya a 2008. Daren 1 ga Oktoba, 2024, ranar da ake bikin 'yancin kai, wani ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa da kusan mutum 300 a ciki, yawanci mata da yara, su ma Maulidi. Shagari, Gummi, Goronyo, ka yi ta ƙirgawa har yatsunka su ƙare. Dalilan kuwa ko ɗan firamare ya haddace su: tsohon katako mai yoyo, lodin wuce hankali, mutane da babura da buhuna da dabbobi wuri guda, tafiyar dare ba fitila, kututturan itatuwa da suka rage a ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Kainji, babu rigar ruwa ko ɗaya.

Ka lura da wani abu. Duk lokacin da abin ya faru za ka ji an ce "kimanin", "ana fargabar", "wasu sun ce". Babu wanda ya san mutum nawa suka shiga. Buhun albasar da ake lodawa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 ana ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a takarda, direba ya sa hannu, in ɗaya ya ɓata sai ya biya, domin albasa tana da mai ita. Ɗan Adam kuwa sai an tsamo shi ake fara ƙidaya.

Ban manta da watan Yunin 2023 ba, kuma ba zan manta ba. Cikin mako guda abubuwa uku suka faru. A Patigi ta jihar Kwara, jirgin masu dawowa daga biki ya kife da dare, fiye da mutum 100 suka mutu. Ran 14 ga wata jirgin 'yan ci-rani da ya taso daga Libiya ya nutse kusa da Girka da ɗaruruwan mutane, 104 kawai aka ceto. Ran 18 wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya ɓace da mutum biyar, waɗanda suka tafi kallon gawar Titanic, kujera ɗaya dala 250,000. Duniya ta tashi tsaye. Amurka da Kanada da Faransa suka aika jirage da na'urori, talabijin tana ƙirga sa'o'in iskar da ta rage musu. Kuma, abin takaici, mu ma muna ƙirgawa! A teburin mai shayi a Agege, a Facebook, kowa ya zama masanin iskar shaƙa. Mutanen Patigi kuwa, kwana biyu aka yi maganarsu. Ba Bature ne ya hana mu ba. Mu muka zaɓa.

Wanda ke zaune a Legas kada ya ɗauka wannan matsalar 'yan ƙauye ce. Ran Juma'a 8 ga Yuli, 2022, daren Babbar Sallah, jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan faɗuwar rana, ruwa ya ja shi ƙarƙashin wani ƙaton jirgin dakon kaya, fiye da mutum 15 suka mutu, da yawansu 'yan gida ɗaya. Layya ake shirin yi, aka wayi gari da jana'iza.

Gaskiya dai a manyan tashoshin Legas yanzu akwai sauƙi, da rana za a tilasta maka sa rigar ruwa. Amma je ka ƙananan tashoshi, ko ka bari magariba ta kawo jiki. Wani yammaci gosulo ya tsaya cak a kan gada, na tashi daga Jankara na gangara wata tashar kwalekwale zan tsallaka wurin wani ɗan'uwa. Jirgi ya cika, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, mutum ɗayan nan ya shiga, ya ci gaba da kiran saura mutum ɗaya. Aka miƙo mini rigar ruwa, igiyarta ɗaya ta tsinke, soso yana leƙowa ta haƙarƙari, tana warin zufar duk wanda ya taɓa sa ta. Takardar rubuta suna tana yawo hannu zuwa hannu, wani ya rubuta "Alhaji", wani ya ja layi kawai. Jarkokin fetur a ƙarƙashin benci. Kusa da ni wani dattijo ɗan garinmu ya karɓi tasa rigar ya ninke ya zauna a kai. Na ce, "Baba, ai sawa ake yi." Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Haba ɗana, in kwana ya ƙare wannan tsummar ce za ta hana?" Na yi shiru saboda furfurarsa. Amma ina kallonsa ya ciro wayarsa, ya naɗe ta a leda, ya ƙara wata ledar, ya ƙulle bakin tam, ya sa a aljihun ciki. Wayar ba a bar wa ƙaddara ba. A tsakiyar ruwa inji ya mutu, leda ta naɗe farfela, matuƙi ya sunkuya yana cirewa da hannu, jirgi yana lilo, duhu yana shigowa, sai salati ya tashi ta ko'ina, kuma muryar Baba ta fi ta kowa.

Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, babu wanda zai koya mini wannan. Amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda ya zuba mutum 100 a jirgin mutum 40 don ya ninka ciniki, ba ƙaddara ya yi ba, ganganci ya yi da rayukan bayin Allah, kuma ya san ya yi. Ya kuma san cewa in abin ya faru za mu taru mu ce haka Allah ya so, a yafe, kada a ja magana. Mun mai da haƙurinmu inshorar azzalumai. Malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, suna iya shafe wata guda suna raddi kan tsawon wando, ban cika jin huɗuba kan lodin kwalekwale ba, alhali 'yan makarantunsu ne ke nutsewa.

Hukumomi kuwa, kada ma ka fara. Akwai hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, akwai LASWA ta jihar Legas, tun 2023 ma an yi ma'aikata sukutum ta harkokin teku da minista. Fiye da shekara 10 tarayya da Legas suka yi suna shari'a kan wa ke da ikon ruwan, wa zai ba da lasisi, wa zai karɓi haraji, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama ta ba tarayya. Kan kuɗin shiga an je har Kotun Ƙoli. Kan gawa wa ka taɓa ji ya ce tawa ce, ni ke da alhaki? Kuma kada su ce mana dokar ce ke da wuyar tilastawa. Mu mazauna Legas mun san ƙarfinsu. Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, cikin kwanaki aka share tituna, aka kwashe baburan yaranmu aka murƙushe su a bainar jama'a, ana ɗaukar hoto. In sun so suna iyawa. A bakin kogi ne kawai hannunsu ke sanyi.

Abin da suka ƙware a kai mun san shi. Gwamna ya kaɗu matuƙa. Shugaban ƙasa ya ba da umarnin a yi cikakken bincike. A kafa kwamiti, a kai buhunan shinkafa da 'yan kuɗi gidan hakimi, a raba rigunan ruwa gaban kyamara, a hana tafiyar dare na mako biyu. Ihu bayan hari. Rahoton kwamiti kuwa, in kai ka taɓa ganin ɗaya da idonka, don Allah ka aiko mini in sa shi a firam. Damina za ta sake zuwa, Neja da Binuwai za su cika su batse, ranar kasuwa ba ta fashi, biki ba ya fashi, hanyar mota ba a gyara ba, gada ba a gina ba, tsohon jirgin katakon nan an toshe masa huji da tsumma da kwalta yana jiran lodi. Takardar ta'aziyya kuma tana nan ajiye a kwamfutar ofis, sunan gari da adadi kawai za a sauya. Adadin ma cinta za a yi.